Suwizalan a 1940: lallami ko turjiya?

Da Faransa ta faɗi a hannun Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, Suwizalan ta tsinci kanta kusan a zagaye da Jamus da ƙawarta Italiya. Shugaban ƙasa Marcel Pilet-Golaz ya zaɓi lallami. A jawabinsa na rediyo ranar 25 ga Yuni ya nemi jama'a su daidaita da sabon zamani, a watan Satumba kuma ya karɓi baƙuncin magoya bayan Nazi na cikin gida. Gawayi da abinci yake gudun a datse wa ƙasar, kuma tsoron yana da dalili.

Janar Henri Guisan kuwa, babban kwamandan sojojin ƙasar, ya tara hafsoshinsa a filin Rütli ranar 25 ga Yuli, ya ce za a ja daga a duwatsun Alps. Wannan na nufin barin biranen Zurich da Basel, da iyalan sojojin, kusan ba kariya. Duk da haka ina bayan Guisan, domin mutane sun ji ƙarara cewa ba za a miƙa wuya ba.