Sange, hayaƙi ko feshi: amsa ga Alhajin da zai koma Kwatano da iyalinsa

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka shaida mana cewa harkar kasuwanci za ta mayar da kai daga Maradi zuwa Kwatano ta ƙasar Benin da zama, tare da Hajiya wadda ke ɗauke da juna biyu da kuma yara ƙanana, kuma ƴan'uwan da suka riga ka zuwa sun ce maka sange, wato gidan sauro, ba ya kwantuwa a can saboda zufa. Shi ya sa kake son a auna maka sangen da maganin hayaƙi da na feshi da man shafawa da fanka, domin ka san wanda za ka dogara da shi. A ganina sange mai magani ne kaɗai za ka iya jingina lafiyar gidanka a kansa, sauran kuwa kowanne yana da ɗan gurbin da yake cikewa, amma babu wanda ya isa ya gaje shi.

Kafin a zo kan magungunan, ya kamata a kwatanta garuruwan biyu, domin daga nan ne mutanenmu suke fara yin kuskure. A Maradi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauro ya yi kaka-gida a tafkuna da kududdufai da bakin gulbi, masassara ta cika asibitoci daga Agusta zuwa Oktoba, sannan hunturu ya shigo da busasshiyar iska ya rage shi ƙwarai. Wannan ne ya sa muka saba naɗe sange mu jefa shi saman sif da zarar an gama girbin gero. Kwatano kuwa gari ne da ke zaune a kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokwe, ruwan da take samu ya kai milimita 1,300 a shekara, damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli da ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, kuma laimar iska tana kai kashi 80 cikin 100. Zafinta bai kama ƙafar na bazararmu ba, wanda ke haura digiri 40, sai dai zufa ba ta bushewa a jiki. Irin wannan yanayi yana tsawaita ran sauro, saboda haka a can babu watan naɗe sange.

Sauron ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake kira anofilis shi ne mai ɗauke da masassarar cizon sauro, kuma tsakar dare zuwa asuba ya fi yin cizo. Wanda ake kira kuleks, mai yawan kuka a kunne, a cikin lambatu da ruwan masai yake hayayyafa, kuma shi ne mafi yawan abin da za ka riƙa kashewa da tafi a unguwanni masu cunkoso. Na ukun shi ne edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da hantsi da kuma la'asar, yana yaɗa zazzaɓin denge da na shawara. A shekarar 2023 denge ta kashe mutum fiye da 700 a Burkina Faso, don haka ba cutar nesa ba ce.

Sange mai magani yana aiki biyu a lokaci guda: yana tare sauro daga isa ga fata, kuma yana kashe wanda ya sauka a kansa, ta yadda ko wanda ke kwance a gefe yana samun wani rabo na kariyar. Wani babban nazari da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa daga cikin kamuwa da masassara miliyan 663 da aka kauce wa a Afirka tsakanin 2000 da 2015, kashi 68 cikin 100 albarkacin sange ne. Babu wani daga cikin sauran magungunan da ka lissafa da ke da hujja ko kusa da wannan. Ana ƙera shi ya yi kamar shekara uku, ya jure wanki kamar sau 20, da sharaɗin a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu mai laushi kuma a shanya shi a inuwa.

Akwai wani batu da ya shafi kudancin Benin musamman. Sauron yankin ya daɗe da sabawa da maganin da ake sa wa tsofaffin sange, wato dangin firetiroyid, har da yawansa ba ya mutuwa da shi. Wannan ya sa aka ƙero sabon sange mai haɗin magani biyu, irin su Interceptor G2, kuma a ƙasar Benin ɗin aka gwada shi, a yankin Kobe da maƙwabtanta cikin jihar Zu, inda aka ga kamuwar yara ta ragu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon samfuri. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita irinsa a wuraren da sauro ya yi taurin kai. Idan Hajiya ta fara zuwa awon ciki, a tambayi irin sangen da ake bayarwa. In kuma tsohon samfurin ne ya samu, a rataya shi haka nan, domin ragar da ba ta huje ba tana tare sauro ko maganin ya yi rauni.

Ƙorafin zufa gaskiya ne, amma maganinsa fanka ce. A sayi sange mai kusurwa huɗu wanda ya fi gadon faɗi da tsayi, a ɗaure shi sama sosai, a sa fanka ta tsaye tana hurowa ta cikinsa, ko ƙaramar fanka mai caji a ciki saboda ɗaukewar wuta. Fanka ita kaɗai tana korar sauro, tunda ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, amma wuta na ɗaukewa da ƙarfe biyun dare kariyar ta ƙare, a daidai lokacin da anofilis ke farauta.

Maganin hayaƙi, wanda ake kira igiyar leƙo, shi ya fi araha kuma shi mutanenmu suka fi so. Guda ɗaya yana cin awa shida zuwa takwas, yana rage cizo a wurin hira ko a ƙofar shago. Illarsa ita ce hayaƙin kansa: wani bincike na 2003 ya gano cewa ƙananan ɓurɓushin hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa na iya kai na karan sigari 75 zuwa 137. A tsakar gida irin namu na Maradi, inda iska ke kwashe shi, da sauƙi. A ɗakin haya mai taga ɗaya, da mai ciki da yara a kwance, ban yarda da shi ba. Ga kuma haɗarin gobara idan ya taɓa katifa ko gefen sangen.

Maganin feshi na gwangwani yana kashe sauron da ke cikin ɗakin a lokacin da aka fesa, shi ke nan aikinsa. A rufe ɗaki bayan magariba, a fesa har ƙarƙashin gado da bayan labule, a fita kamar rabin awa, sannan a buɗe iska ta shiga kafin yara su kwanta. Idan tagogi ba su da ragar waya, kuɗin ya tafi a banza, domin wasu za su shigo kafin sallar isha'i ta yi nisa. Saboda haka kafin ka biya kuɗin haya ka duba tagogin, kuma raga ta roba ko ta alminiyom ta fi ta ƙarfe daɗewa, don iskar teku mai gishiri tana saurin cinye ƙarfe. Fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa suna kuwa gubar gona ce, kada ta shiga gidan da yara suke.

Man shafawa shi ne ke cike gurbin da sange ba ya kaiwa, wato cizon rana da zaman waje da daddare. A duba jikin kwalbar a ga an rubuta sunan sinadarin korar sauro DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko ikaridin kashi 20. Yana ɗaukar awoyi, amma zufa da alwala suna wanke shi, sai an sake shafawa. Ba a shafa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, kuma ba a sa wa yaro a tafin hannu saboda zai kai baki. Shi edis ana cin galabarsa ne tun a ruwa: daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, don haka a zubar da ruwan tsofaffin tayoyi da gwangwanaye duk mako, a rufe randa da duro, a kuma goge bangonsu da soso, domin ƙwansa na manne a jiki yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba.

Abu ɗaya kada ya ruɗe ka game da yara. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba ƴan wata 3 zuwa 59 a nan lokacin damina an tsara shi ne don ƙasashen Sahel, inda masassara ke da lokacinta, saboda haka kada ka ɗauka za a ƙwanƙwasa maka ƙofa da shi a bakin teku. Hajiya kuwa ta riƙa karɓar ƙwayoyin kariya na masu ciki a wurin awo tun daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kowa ya tafi da katin allurar shawara, wadda sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a ranar, kuma kafin sakamako ya fito farasitamol kaɗai za a ba shi, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, saboda idan denge ce suna iya jawo zubar jini.