Mota ta ƙi shan mai a gidan mai: wurin dila, gareji, ko bakin titi?

Ka shiga gidan mai, an sa bakin famfo a tanki, lita biyu ta shiga, sai ka ji ƙas, famfo ya tsaya. A sake dannawa, ya sake tsayawa. Na bayanka suna ta ham, mai zuba man yana hararar motarka kamar ita ta kawo tsadar fetur. Wata uku na yi a wannan hali da tsohuwar motata 'yar Amurka, kuma sai da na zaga wurare uku kafin ta warke.

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka gwada wani gidan man, ka ce a zuba a hankali. Wani famfon ne ke da saurin tsayawa. Idan ko'ina haka take yi, yawanci tankin ne ba ya numfashi. Mai na shiga, iskar da ke ciki dole ta fita. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga wajen 1998, iskar tana bi ta wani gwangwani mai cike da gawayi, wanda makanikai ke kira kanista, sannan ta fita ta wani ɗan bawul. Hanyar nan na toshewa, man sai ya taso sama ya taɓa bakin famfo, famfo ya ɗauka tanki ya cika. Ƙurar hunturu na toshe ta. Cikon da muke so, a ce "ƙara kaɗan ya cika dubu", shi ma yana tura ɗanyen mai cikin gawayin ya jiƙa shi. Har ƙwari suna shiga: Mazda ta taɓa janye motocin Mazda6 a 2011, ta sake a 2014, saboda gizo-gizo na yin saƙa a cikin tiyon iskar tanki.

Makaniken bakin titi dai ba zan daɗe a kansa ba. Nawa ya canza min famfon mai na cikin tanki, wanda aikinsa tura mai zuwa inji ne, ba ruwansa da shigar mai.

Wurin dila kuwa yana da ranarsa. In ka sayi motar sabuwa fil a hannunsu kuma garanti bai ƙare ba, kai musu, kada ka bari kowa ya taɓa ta, don taɓawar na iya zama hujjar da za su zame. Amma yawancinmu 'yar Kwatano muke hawa, garantinta ya ƙare tun tana can. Wurin da na je, an zaunar da ni a sanyin iya-kwandishan, aka kawo min takarda: sabon kanista, sabon bawul, sabon wuyan tanki, kuma sai an yi odarsu. Dila ba ya wanke kaya, sauyawa yake yi gaba ɗaya. Na ninke takardar na sa a aljihu.

Wanda nake so shi ne gareji mai zaman kansa da ya ƙware a mota iri ɗaya, yana da kwamfutar duba mota, kuma ya san karanta abin da ta faɗa. Tun 1996 motocin Amurka suke da soket ɗin da ake jona wannan na'ura a ƙarƙashin sitiyari. Makaniken da na samu a irin wannan gareji, ya jona, ya ga lamba P0446, ya ce "Alhaji, wannan hanyar iska ce", ya sa yaro ya ɗaga motar. Tankin ma bai sauke ba. Ya zare bawul ɗin ya hura da baki, iska ba ta wuce ba. Ya bayyana min cewa wannan bawul a buɗe yake zama idan babu wuta a jikinsa, sai an ba shi wutar batir yake rufewa. Da ya ƙwanƙwasa tiyon, sai ga ƙasa busasshiya tana zubowa. Zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki. Ya wanke, ya mayar, muka tafi gidan mai tare, ya tsaya har tanki ya cika. Wannan rakiyar ce ta saye ni, kuma yanzu da ita nake auna kowane makanike: in ba zai bi ni ya ga aikinsa a bakin famfo ba, ba na cika masa kuɗi.

Akwai bawul na biyu kusa da inji, wanda shi a rufe yake zama. In ya maƙale a buɗe, mota na wahalar tashi daidai bayan an sha mai. Makaniken kirki ya san bambancin su biyun.

Sai dai a yi hattara, don ba duk mai riƙe da kwamfuta ba ne gwani. Wani zai jona, ya goge lambar, wutar gargaɗi ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Kwana biyu ta dawo. Ka ce ya nuna maka lambar ka ɗauki hotonta kafin ya taɓa komai. Wani kuma zai ce kanista "kayan Turawa ne, ba ya aiki a nan", ya yanke tiyon ya bar shi a sake. Man zai shiga, gaskiya ne, amma ka buɗe wa ƙura hanya zuwa tanki, motar ta riƙa warin fetur, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ban ga wanda ke da man da zai bar wa iska ba.

Kayan gyara ma nan ake yanka mutane. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka tafi da lambar jikin motarka mai harafi da lamba 17, da kuma tsohon kayan a hannu. Kanista na hannu, ka girgiza shi: in ƙwayoyin gawayi suna zubowa, ya fashe a ciki, in yana da nauyi yana warin ɗanyen mai, ya jiƙe. Ana wanke matacce a fesa masa baƙin fenti a ce yanzu aka sauke shi daga kwantena. Ana kuma sa jabu a kwali mai tambarin kamfani, har da leda. Bawul na hanyar fitar iska dai ka hura shi a gaban mai shago, ka nemi a jona shi da batir ka ji ƙarar rufewarsa. Kuma duk abin da aka ce an canza maka, ka karɓi tsohon ka jefa a but, don na taɓa biyan kuɗin sabon marfin tanki, na dawo gida na tarar nawa ne aka goge da tsumma.