Sikanin jijiyar wuya na yara: aikinsu ya yi kyau, amma ba kowane yaro ke bukata ba

Wurin sikanin nan da ke unguwarmu a Kano na ba su maki hudu cikin biyar, dayan kuma jira ne ya cinye shi, an ce mu zo karfe tara amma sai kusan azahar muka shiga saboda masu juna biyu sun cika layi kuma na'ura daya ce ke aiki.

Yarona lafiyarsa kalau wlh, likitan yara ne ya tura mu saboda dangin babansa akwai hawan jini da yawan kitse a jini tun da kuruciya. Abin da ake aunawa shi ne kaurin bangon babbar jijiyar da ke kai jini kwakwalwa, wacce in ka dafa gefen wuya za ka ji tana bugawa, likitoci na ce mata carotid. Ba allura ba haske irin na eksire, ya kwanta rigingine aka juya kansa gefe aka shafa masa jel din nan mai sanyi, shi dai dariya ya dinga yi wai cakulkuli.

Abin da ya burge ni matar da ta yi aikin ce. Ba ta dauko kan na'urar da ake duba ciki da shi ba, ta canja zuwa mai fadin baki mikakke, ta auna dama da hagu kamar santimita 1 kafin inda jijiyar ta rabu biyu, ta maimaita kafin ta rubuta. Ta ce a yaro mai lafiya kaurin yana tsakanin milimita 0.4 zuwa 0.5 ne, to kun ga abin da bai wuce rabin milimita ba in mai aunawa ya yi gaggawa ko yaro ya motsa ai lissafi ya baci, iyaye su koma gida da fargabar banza. Wadanda aka fi ganin nasu ya yi kauri su ne yara masu kiba sosai, masu ciwon suga, ciwon koda ko hawan jini.

Don Allah iyayen masu sikila kar ku rude, wannan daban yake da wanda ake dora na'ura a gefen kai don duba gudun jini saboda shanyewar barin jiki, wata baiwar Allah a layi ta zaci shi ne, gara ma da ta tambaya kafin ta biya.

Takardar sakamakon lambobi ne kawai, babu bayanin ko daidai yake da shekarunsa da tsawonsa, sai da muka koma wajen likita ya ce babu komai, Alhamdulillah. Kudin ma ba kadan ba ne, in ba likita ne ya rubuta maka ba ni ban ga dalilin kai yaro mai lafiya ba, awon hawan jini da na nauyi a asibiti sun fi sauki.