FACS ko maganaɗisu wajen ware ƙwayoyin tushe daga fatar ɓera?

Ƙanwata, nemi FACS, wato na'urar da ke ware ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da hasken lesa, ko da sai kin bi layi a ɗakin binciken wasu.

Ƙwayoyin da kike nema suna zaune ne a ɗan kumburin nan na ramin gashi, inda Cotsarelis da abokan aikinsa suka gano su a 1990. Alama biyu ake kama su da ita, wato furotin biyu da ke jikin fatar ƙwayar, CD34 da CD49f, kuma FACS tana duba duka biyun lokaci guda, ta zubar da matattun da suka sha rinin DAPI. Ba na manta ranar da na fara gani. Ɓera mai mako 8 ne, gashinsa na hutu. Na aske bayan, na kankare kitsen, na shimfiɗa fatar a kan tirifsin 0.25%, sinadarin da ke raba ƙwayoyi da juna, ta kwana a firiji a digiri 4. Da safe na kankare saman, na tace da rariya mai maikiron 70, sannan mai 40. Da muka ɗora a FACS, sai ga ƙwayoyin sun taru a kusurwar allo, har sun rabu gida biyu, masu CD49f da yawa da masu kaɗan, kamar yadda ɗakin binciken Elaine Fuchs ya nuna a 2004. Wallahi har hannuna rawa yake yi. Na shuka su a kan ƙwayoyin 3T3, wato ƙwayoyin ɓera da ake shimfiɗawa don su tallafa musu su girma, bayan kusan mako 2 suka yi dunƙule-dunƙule masu kyau.

Maganaɗisu kuwa, mai jan ƙwayoyin da aka liƙa wa ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, na saya, yana nan a ajiye. Ya fi araha da sauri, wannan gaskiya ne, amma alama ɗaya yake ja a lokaci guda, kuma CD34 akwai ta a ƙwayoyin jijiyar jini. Abin da na samu gauraye ne, ban iya kare shi a gaban malamina ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da dillalan antibodi, wato furotin da ke manne wa waɗannan alamomi. Wani ya taɓa sayar mini da na ɗan'adam, yana rantsuwa zai kama na ɓera, na yi asarar wata guda. Ki ce RAM34 kike so don CD34, GoH3 don CD49f. Ki duba ranar lalacewa da idonki, in kuma kwalin ya iso ƙanƙarar ta narke, kada ki sa hannu a takardar karɓa.