Gargaɗi Game da Wani Mai Iƙirarin Gyaran Yoyon Baƙin Mai a Tsofaffin Motoci

Na yi kwana goma sha ɗaya ina jinkirta wannan rubutu saboda kunya, amma fushi ya rinjayi kunyar. Sau uku na tura wa mutumin nan kuɗi, jimillarsu ta kai kashi ɗaya bisa uku na abin da na sayi motar da shi, ya riƙe ta mako shida, kuma a ƙarshe ya tabbata cewa ko noti ɗaya bai kwance ba a wurin da ya ce ya gyara.

Motar Mercedes-Benz 240D ce ta 1981, ƙirar W123, mai injin dizal na OM616 mai silinda huɗu. Shekara tara tana hannuna, ni nake canja mata baƙin mai da filta da kaina, don haka kada wani ya ɗauka ban san ciwon motata ba. Tana ɗan jiƙewa ta ƙasa kamar kowace tsohuwa, amma daga baya abin ya zama ɗiga sosai, har na koma ƙara lita ɗaya duk mako biyu. Kwalin da nake shimfiɗawa a ƙarƙashinta da daddare yana wayar gari da tabo kamar faɗin faranti, daidai inda inji ya haɗu da giyabos.

Abin da yake ci mini rai har yanzu shi ne minti biyar ɗin farko na haɗuwarmu. Ya durƙusa, ya haska ƙasan motar da fitilar wayarsa, ya lakato man da yatsa ya shinshina, sannan ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, sil ɗin bayan karanshaf ne, sai an sauke inji." Sil shi ne abin da ke hana mai fita ta bakin karanshaf, sandar nan da ke juyawa a cikin inji. Bai wanke komai ba, bai tayar da motar ba, bai ko buɗe bonet ba sai da na buɗe masa. Na sha maimaita wannan tsayuwar a raina. Dalilin da ya sa na yarda shi ne ni ma abin da nake tsoro ke nan tun farko, kuma ya kira lambar injin daga kansa ba tare da na faɗa masa ba. Wanda ya san OM616 da ka, na ce, ai ya san aikinsa. Ashe iyakar saninsa ke nan.

Na manta ban faɗi yadda na same shi ba. A wani shafin sada zumunta na gan shi, yana sanya hotunan injuna tsaf-tsaf, da mutane a ƙasa suna yaba masa. Yanzu da na koma na duba, uku daga cikin masu yabon da kalmomi iri ɗaya suka rubuta, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Na ɗauki hoton wannan kafin ya goge.

Kuɗi na farko kafin alƙalami ne na sauke inji. Na biyu na kayan da ya ce na asali ne, za a aiko masa daga ƙasar waje. Na uku kuwa, wanda ya fi ƙona mini rai, ya zo ne a mako na huɗu, ko na biyar, da ya kira da muryar tausayi ya ce ya tarar mai ya jiƙa faifan kuloci, kuma tun da an riga an buɗe, asara ce a mayar da shi haka. Maganar tana da ma'ana, domin lallai sil ɗin baya idan ya lalace yana iya ɓata kuloci, shi ya sa na tura cikin awa ɗaya. Sau uku. Duk lokacin da na ce zan zo in gani, sai ya ce ya fita neman kaya, ya turo mini hoton inji a rataye da sarƙa. Ban lura ba sai daga baya cewa bututun injekta biyar ne a hoton, alhali nawa huɗu ne. Injin wata motar yake nuna mini, ni kuma ina yi masa sannu da ƙoƙari.

Ranar da na karɓe ta, injin yana ƙyalli, an wanke shi tas. Ya miƙo mini wani zoben roba baƙi a leda, ya ce ga tsohon sil ɗin da ya cire. Na yi masa godiya, har na ƙara masa wani abu na alheri, wanda ban ma sa a lissafin sau ukun ba. Kwana tara bayan haka tabon ya dawo kan kwali, a daidai wurinsa na da. Kafin nan ma na lura da safe allurar matsin mai tana jinkirin tashi zuwa lamba 3, inda ta saba kaiwa, abin da ba ta taɓa yi ba, na kira shi ya ce sabon aiki ne, zai zauna. Wannan ne kira na ƙarshe da ya ɗauka.

Wani dattijon makanike na kai wa, na nuna masa zoben robar. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wannan injin ba ya amfani da irin wannan a baya." Sil ɗin bayan OM616 igiya ce mai gida biyu da ake dannawa cikin kwarminta, kuma ba a canja na sama sai an ɗaga karanshaf. Ya shigar da ni rami ya haska mini kusoshin da suka haɗa inji da giyabos: dattin shekaru yana nan daskare a kansu, babu sawun sifana ko ɗaya. Abin da mutumin ya yi shi ne ya zuba mai mai kauri da ruwan nan da ke kumbura roba don yoyo ya lafa na ɗan lokaci, ya kuma lafta gam a bakin ƙaramin kwanon mai na ƙasa. Da aka kwance kwanon, ga guntayen gam sun manne a ragar da famfo yake zuƙar mai ta cikinta. Da na ci gaba da hawa, da injin ya buga.

Dattijon ya wanke injin, ya bari ya bushe, ya barbaɗa farar hoda, ya tayar da shi na minti ashirin. Wani siririn layi ya fito daga gindin gidan filta, wanda yake can bayan inji ta hagu, ya gangaro kan giyabos. Gaskit ɗin gidan filta, wato shimfiɗar da ke hana mai fita ta mahaɗarsa da inji, shi ne ya bushe, da kuma na murfin saman inji da ke tsattsafo da mai kaɗan. Mai yana bin gangara, iska kuma tana tura shi baya, shi ya sa inda yake ɗiga ba nan ne inda ya fito ba. Wallahi na san wannan, na sha faɗa wa wasu, amma ranar tsoro ya rufe mini ido. Aikin yini ɗaya ne, ni kuwa na ba da mako shida da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin motar.

Kada ku biya kuɗin sauke inji kafin a wanke shi a gano inda man yake fitowa a gabanku, kuma ku je ku ga injin a ƙasa da idonku.

Yanzu wayarsa a kashe take, garejin da ya karɓi motar ma ashe aron fili ya yi, masu wurin sun ce ba su gan shi ba tun ranar da na karɓi motar. Ina da shaidar turawa guda uku, da saƙonninsa na murya, da hoton injin mai injekta biyar, da zoben robar yana nan a ledarsa. Zan saka hotunan duka da zarar na rufe lambobin asusun da ke jikinsu.