Doki da rago: yadda kowa ke nuna ciwon cikinsa

Malam, ka tambaya me ya sa dokinka ya koma cizon katakon barga, yana kai harbi in an zo ja masa majayi, shi kuma ragon da ka turke ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi, alhali dawa da dusa iri ɗaya kake ba su. Kafin ka ce halinsu ne ya ɓaci, ka fara duba cikinsu.

Doki tumbi ɗaya gare shi, ƙarami, da wuya ya wuce lita 15, kuma dare da rana yana tsattsafo da ruwan tsami mai narka abinci, ko ya ci ko bai ci ba. Da a sake yake, sai ya kwashe wajen awa 16 yana tsinkar ciyawa. Mu kuwa mu ɗaure shi, mu zuba masa hatsi safe da yamma, tsakani ciki wayam. Tsamin nan sai ya koma cin bangon tumbin har ya yi gyambo. To ka zo ka matse masa jiki da majayi, me kake so ya yi? Ga shi ba ya iya amai. In ciki ya murɗa masa, za ka ga yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen kwiɓinsa, gumi sharkaf, yana neman birgima. Irin wannan murɗar dai doki ba ya iya ɓoye ta.

Rago ne mai zurfin ciki, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Tumbinsa kashi 4 ne, lafiyarsa tana wurin tuƙa, don yawun da yake haɗiyewa shi ke kashe tsamin ciki. Hatsi ya yi yawa, harawa ta yi kaɗan, sai tuƙa ta tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya ware daga 'yan'uwansa, yana taunar haƙora, kashinsa ya yi ruwa da warin tsami. Mai shi kuma yana murna wai ragonsa ya natsu! Wanda ya cika tumbi da leda ma haka yake yi, sai dai shi a hankali yake ramewa.

Dukansu ka fara ba su harawa kafin hatsi, ka rage dawar, in za ka ƙara kuma sannu sannu cikin mako 2. Yau da yamma ka dafa kwiɓin ragon na hagu, ka jira minti 2. In ba ka ji motsi ba, ko wurin ya kumbura kamar ganga, kira likitan dabbobi kafin dare.