Labarin aikin goshina daga Liyon ta ƙasar Faransa

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya zafin Damagaram. An sallamo ni daga lopital kwana tara ke nan, jiki Alhamdulillahi.

Ka tuna kumburin nan na saman girata da Inna ta yi ta cewa sammu ne, aka yi turare aka sha rubutu har wanzami ya so ya yi ƙaho? To ashe kogon iska ne da ke cikin ƙashin goshi, wanda kusan kowa ke da shi, nawa ne ya yi ta faɗi yana tura ƙashin waje, ba ruwa ba tsiro a ciki, iska ce zalla. Likitan hanci da kunne ya ce sunansa pneumosinus dilatans, ba kasafai ake ganinsa ba kuma ya fi kama samari. Sikanar ce ta nuna shi, daga nan suka ƙara da IRM, wato hoton cikin kai na na'urar maganaɗisu, saboda wani lokaci yana zuwa tare da tsiro a fatar ƙwaƙwalwa, wallahi satin da na jira sakamakon ban yi barcin kirki ba. Ba a ga komai ba.

Aikin kuma sun tsaga cikin gashi daga kunne zuwa kunne don tabo ya ɓuya, suka ciro ƙashin gaban suka daidaita shi suka mayar da 'yan ƙarafan titaniyom, suka bi ta hanci da kamara suka buɗe hanyar kogon.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba wanda ya miƙo min ordonans ya ce a ruga farmasi a sayo safar hannu ko zaren ɗinki kamar yadda muka yi ta yi lokacin jinyar Baba, katin Vitale, wato katin inshorar lafiya na nan, shi kawai na nuna, inshorar gwamnati da mutuwel, wato inshorar da ke cike abin da ya rage, suka ɗauki kuɗin. Amma randebu fa sai haƙuri, wata huɗu na jira kafin in ga likitan.

Kuma kaɗaici Yaya. Ba mai shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki, ba kwanon fura ba kunu, miyarsu ba gishiri ba yaji. Abokina ɗaya ne ya zo, shi ma lokacin ziyara na cika ya tafi.

Yaron maƙwabcinmu na Birni mai irin kumburin nan, don Allah ka sa babansa ya kai shi a yi masa sikanar, musamman in idonsa ya fara dishi-dishi. Zan taimaka da kuɗin. Ka gaida Inna, ka nuna mata hoton da na turo.